Shekara huɗun da na ɓata ina jiran jami'a

Ƙannena, a Agege aka haife ni, kuma tun ina ƙaramar sakandare mahaifina yake kirana "Likita" a gaban abokan kasuwancinsa na Mile 12, alhali bai taɓa tambayata ko ina sha'awar aikin asibiti ba. Ban ga laifinsa ba, domin abin da idonsa ya gani ne. Ya zo Legas a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka cika baitulmali, gwamnati kuma tana neman masu digiri ruwa a jallo, su kuwa jami'o'in, irin ta Ibadan da aka buɗe a 1948 da na Legas da Zariya na 1962, ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Wanda ya gama, aiki ke jiransa, sau da yawa har da gida da rancen mota, yayin da makanike, ko da ya fi shi samu, ba a ba shi tabarmar gaba a wurin ɗaurin aure. Gwamnati ma ta ƙara ingiza mutane, da ta fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ƙarin girma.

Wannan zamani ya wuce, amma tunanin bai tafi ba, ni kuma na haɗiye shi ɗungurungum. Sau huɗu na rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a. A karo na biyu na samu gurbi a Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ta girmi Jami'ar Legas da shekara 15, na ƙi zuwa don kada a ce ɗan Alhaji ya ƙare a "poli". Kawuna ya ce in riƙa leƙa shagonsa na gyaran waya a Computer Village, na amsa masa da cewa ni ɗan boko ne. Daga baya aka ba ni kwas ɗin da ban nema ba a jami'a, yajin aikin malamai na 2020 kuma ya cinye mana wata tara.

Ku rubuta JAMB idan kuna so, ban hana ku ba, amma kafin ku zaɓi kwas ku nemi mutum uku da suka karanta shi, ku tambaye su abin da suke ci da shi yau. Shekarar jira kuwa kada ta ƙare a majalisar mai shayi; ku kai kanku wurin tela, ko mai walda, ko mai haɗa sola. Ni sai bayan bautar ƙasa na koma shagon Kawu, kuma yaron da ya ɗauka a madadina shi ne ya koya mini yadda ake ɓalle gilashin waya ba tare da na fasa shi ba.