Abin da yaran da suka warke daga ciwon daji suka nuna mana a Kumasi

Wayar ba ta yaro ba ce. A gidajen da muka shiga a Aboabo da Asawase ta uwa ce, da ita take karɓar MoMo, wato kuɗin waya, a kasuwa, sai bayan isha'i take faɗawa hannun yaro, in da sauran caji da data. Abin da ya aika kuwa, yayarsa na iya gani. Shi ya sa muka hana manhajar da muke gina wa yaran nuna saƙo a fuskar waya, muka sa ta riƙa buɗewa da hotuna uku da yaron ya zaɓa da kansa.

Aikinmu shi ne gina wurin da 'yan shekara 8 zuwa 12 da suka gama jinya za su haɗu da irinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa nan da 2030 a ceto kashi 60 cikin 100 na yaran da ke kamuwa da kansa, Gana kuma na cikin ƙasashen da aka fara shirin da su. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta ɗauki nauyin nau'i huɗu: kansar jini ta ALL, da Burkitt mai kama ƙwayoyin garkuwar jiki, da ta ƙoda, da ta ido. Duka wannan a kan yaro ya rayu ne. Amma wanda aka sallama daga asibitin Komfo Anokye, ya koma aji ya tarar abokansa sun wuce shi da shekara guda, wa zai gaya wa?

Mu manya mun zaci hirar ciwo za su so. Muka ba su kwali da fensir mai launi, muka ce su zana mana wurin. Aka zana filin ƙwallo da jar rigar Kotoko, ƙungiyar ƙwallon Kumasi, aka zana kyanwa da za a riƙa ciyarwa tare, wani ma ya zana shagon waakye, wato shinkafa da wake. Ko ɗaya bai zana gadon asibiti ba. Maganar allura da zubewar gashi takan fito, amma a tsakiyar wasa, a yi dariya a wuce. Na ga wannan ya fi kowane zauren tattaunawa da muka tsara amfani.

Wata yarinya da aka cire wa ido ta ƙi a sa hotonta. 'Yar tsana take so mai hijabi ta wakilce ta a manhajar. Na tambaye ta yaya za a yi fuskar, ta ce, "Anti, ki bar min. Wata rana ido biyu, wata rana ɗaya." Haka muka gina shi.

Maganin kansa na vincristine kan bar wa wasu mutuwar yatsu, don haka maɓallai suka zama manya. Rubutu ma muka rage shi sosai, saboda yaran zango Hausa da Twi da Turanci suke cakuɗawa a baki, ba su saba rubuta Hausar ba. Saƙon murya ya raba gardama.

Iyaye sun fi ba mu aiki, kuma ban ga laifinsu ba. Dokar kare bayanai ta 2012 ta wajabta neman izini, amma takarda ba ta kwantar da hankalin uwar da ke tsoron unguwa ta ji, har a tuna ranar da aka zo neman auren 'yarta. Sai da muka zauna a tsakar gida, muka nuna ba suna na gaskiya, ba hoto, kuma nas ce ke sa ido.

Tambayar da muke ta kauce wa, wani yaro ne ya yi ta: in ciwon ɗayansu ya dawo, ya daina magana fa? Ba su yarda a share 'yar tsanarsa ba, ba su kuma yarda su ji labarin a manhaja ba. Suka ce nas ta kira iyayensu, iyayen su gaya musu a gida. Yanzu haka ake yi.