Wasiƙa daga Durham: ɗan ƙauye da ƙofar makarantar kimiyya

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na karkarar Kano da Jigawa. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya iyali, ya kuma ake fama da hidimar gona?

Ina rubuto muku ne daga Durham, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka. A garin nan akwai wata makarantar kwana ta gwamnatin jiha da ake ji da ita, ta koyar da kimiyya da lissafi. A 1980 aka buɗe ta cikin ginin wani tsohon asibiti, kuma mutanen nan na alfahari cewa ita ce irinta ta farko a ƙasarsu. Ana zaɓo yara masu ƙwazo su yi shekaru biyu na ƙarshen sakandare, ba kuɗin makaranta, ba na ɗaki, ba na abinci. Duk lokacin da suka fara wannan kirari sai na yi murmushi, domin mu mun riga su. Tun 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A farkon shekarun 1980 aka yi ta 'yan mata a Taura, sannan irin su Jahun da Kafin Hausa suka biyo baya, waɗanda suka koma hannun Jigawa da aka ƙirƙire ta a 1991. Dalilin kafa su a fili yake: jiha ce babba mai asibitoci da madatsun ruwa, amma likitoci da injiniyoyi sai an ɗauko daga wani wuri. Ku tambayi likitocin Kano da suka fara furfura inda suka yi sakandare, za ku sha jin Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu.

To me ya sa nake damun ku da labarin makarantar wasu? Saboda yadda suke raba kujeru. Ba sa barin yaran manyan birane su kwashe komai. Ana raba gurabe ne bisa mazaɓun 'yan majalisar tarayya na jihar, yaro ya yi takara da sa'o'insa na yankin da yake zaune. Ɗan manomin taba daga gabashin jihar ba a haɗa shi tsere da ɗan farfesa wanda aka ɗaukar wa malamin lesin tun yana firamare. Waɗanda ba su samu gurbin kwana ba kuma, makarantar na aika musu darasi ta bidiyo har ajinsu na ƙauye.

Mu kuwa jarabawar Sayins Bod, wato hukumar makarantun kimiyya ta jiha, ita ce ƙofa, ana yin ta a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare. Jarabawa ba laifi ba ce. Amma ku duba wanda ke zuwa zaunawa. Ga yaro daga makarantar kuɗi a cikin birni, ga wani daga ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo inda malami ɗaya ke riƙe da lissafi da kimiyya na aji uku, wani lokacin ma ba fanninsa ba ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, shi kuwa wannan yaron tun a aji ɗaya aka kayar da shi. Akwai kuma wanda ko labarin jarabawar bai ji ba sai bayan an gama.

Abin da nake so a nema, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne a riƙa manna sunayen waɗanda suka ci tare da sunan makarantar da kowa ya fito. Ba takardar shaidar asali ba, wannan kowa ya san yadda ake samun ta, ɗan birnin da rabonsa da ƙauyen kakansa tun bikin suna sai ya zo ya cinye kason gari. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27. Idan aka ga wata ta yi shekaru babu ɗan makarantarta ko ɗaya a jerin, kansila da ciyaman da hakimi sun san inda za su fara.

Sai maganar ɗakin gwaje-gwaje, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A firaktikal na kemistiri na WAEC da NECO ana ba yaro doguwar ƙwalba mai famfo, ya riƙa ɗigo asid cikin wani ruwan, yana juya tulun da ɗaya hannun, har launi ya sauya daga rawaya zuwa ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ya wuce, lissafi ya ɓaci. Wannan aikin hannu ne da ido, ba a haddace shi daga allo. Na san yaran da ba su taɓa riƙe ƙwalbar nan ba sai ana saura mako guda jarabawa, malam ya haɗa, su arba'in suna leƙe ta bayan kafaɗarsa. Makaranta ta amsa sunan kimiyya amma babu ruwa a famfon ɗakin gwaji, babu gas, babu sinadarai, to suna kawai ta amsa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuna ƙoƙari, amma kafin fentin ƙofa da katangar shiga, a tambayi malamin kemistiri abin da ya ƙare masa a kabad.

Kada kuma a ɗauka kimiyya ta likita ce kawai. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kadawa, mutane suka yi ta feshi ba ta mutuwa. Famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana sun cika fadamu, idan ɗaya ya tsaya sai a jira mai gyara daga birni. Ruwan Tiga da Challawa yana raya gonaki, ambaliya kuma na cin garuruwan yankin Haɗeja. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga ta tarayya a Ɓaɓura, ga kwalejin fasaha a Kazaure, duk a kusa da gida, kuma duk suna neman yaron da ya ci lissafi da fizik da kemistiri.

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku na aji uku bana, ku je makaranta da ƙafarku ku tambayi firinsifal ranar da za a cike fom, ko an sa sunan yaron. Ku nemo takardun jarabawar shekarun baya wajen wanda ya taɓa yi. Ku rage masa kiwo da tallan yamma na 'yan watannin nan. Ga 'yan mata, na san fargabar makarantar kwana, amma Taura da Jahun da Garko na mata ne zalla, ku je ranar ziyara ku gani da idonku kafin ku yanke hukunci.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku da ke Durham