Baba ya ce in kawo mai rubutu, na ce sai bayan sallah

Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Cikin azumi ne, muna zaune a tsakar gida a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana bayan an sha ruwa, Baba na kan buzunsa yana jan carbi, kokon da ke gabansa ko rabi bai sha ba, sai ya ce min "kai, ka samo min lauya, ina so in ajiye magana a takarda." Na ce haba Baba, Allah ya ja kwana, wace irin magana ce wannan, bari sai bayan sallah. Ƙaramar sallah ta wuce, babba ta wuce, ina ta fama da shago a kasuwar Kejetia, kafin wani azumin ya zagayo mun kai shi maƙabartar Tafo.

Bayan sadakar arba'in malam ya zo ya yi rabo yadda muka sani, matan biyu su raba tumuni, namiji rabon mata biyu, kowa ya ce Alhamdulillahi aka shafa fatiha. Ni a zatona an gama kenan. Na ɗauki takardar malam da sa hannun kowa na nufi banki, suka karɓe ni da mutunci amma suka ce ko sidi ɗaya ba zai fita ba sai da takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, wadda ake ce wa L.A.

A ofishin lauya ne idona ya buɗe. Ya ce duk wanda ya rasu a Ghana bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar gado ta 1985 ce ke hawa kan dukiyarsa, PNDC Law 111 ta zamanin Rawlings, kuma ba ta ware musulmi ba. A dokar nan in gida ɗaya ne to na mata da 'ya'ya ne gaba ɗaya, haka kayan ɗaki, sauran dukiya kuma a kasa 16, mata su ɗauki 3, 'ya'ya 9 ba bambancin mace da namiji, iyayen mamaci 2, sauran 2 a bi al'adar dangi. Ka ga ai wannan da lissafin malam hanyar jirgi daban ta mota daban. Ya ce in duk magada sun yarda da rabon shari'a ba mai hana su, amma mutum ɗaya ya ƙi, to kotu dokarta za ta bi.

Mutum ɗayan kuwa ya samu. Yayan amaryar Baba ya ji labarin dokar, ya ce ƙanwarsa ba za ta sa hannu ba. Ni ban ga laifinta sosai ba, yara uku ƙanana gare ta, biyu mata, tsoron gobe take ji. Amma gidan da ake cin tuwo a kwano ɗaya ya koma kowa na kulle ɗakinsa da kwaɗo, gaisuwa ma sama-sama. Ana ta taro ana tashi baram-baram, ni kuwa abin da ke yawo a kaina kawai shi ne wancan daren da na ce sai bayan sallah.

Tasin Baba ita ta fi ƙona min rai. Mun samu mai saye da kuɗi a hannu, lauya ya ce kul, taɓa dukiyar mamaci kafin takarda ta fito laifi ne. Haka ta zauna a ƙofar gida damina guda, tayoyi suka sace, batir ya mutu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, daga baya rabin kuɗin ma da ƙyar muka samu. Kuɗin SSNIT, wato asusun fanshon ma'aikata, ne kaɗai bai wahalar da mu ba, don Baba ya sabunta sunayen magadansa a fom tun yana aiki. Ku je ku duba naku, wasu sunan da suka rubuta tun suna samari shi ne har yau a ciki.

Wata 14 muka yi kafin limamin unguwa da dattawa su sasanta mu, aka ƙara wa amarya ɗaki biyu na haya daga rabonmu da yardar kowa, aka rubuta aka sa hannu. Ranar na tambayi lauya me Baba zai yi da ya hana duk wannan, ya ce shafi ɗaya ya isa, dokar wasiyya ta 1971 cewa ta yi a rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, shaidun kada su zama cikin masu cin gado, shi kuma Baba sai ya faɗi a ciki cewa a raba bisa shari'ar musulunci, in ya so a kai babbar kotu a ajiye. Shafi ɗaya fa! Na fito na zauna a bakin titi a Adum na kasa shiga trotro, motar haya.

Satin da ya biyo baya na ɗauki Mama muka koma, ita ma ta fara cewa ko fatan mutuwa nake mata, na ce Mama ki yi haƙuri yau ɗin nan za a yi. Aka karanta mata da Hausa tun daga farko har ƙarshe, ta sa a ƙara maganar sarƙarta ta zinariya da bashin adashen da ake binta, sannan ta dangwala yatsa.