Jijiyar da ta ɓuya

Jiya na je ba da jini saboda matar yayana da ta haihu. Nas ta ɗaure min dantse, ta yi ta lalube, jijiya ta ƙi fitowa sai da na dunƙule hannu. Na ce, "Sista, ga wata tana bugawa a wuyan hannu, ki soka mana." Ta yi dariya, ta ce waccan daga zuciya take kawo jini da ƙarfi, in an huda ta tsartuwa zai yi. Wadda take nema kuwa mayarwa take a hankali, da 'yan ƙofofi a ciki masu hana jinin komawa baya. Jininta kuma ya fi duhu, na gani da idona a leda. Har yanzu wurin na ɗan tsami.