Yadda muka koyi magana da juna a ɗakin kwanciyar mata

Ma'aikatan da na tarar lokacin da aka ba ni shugabancin ɗakin kwanciyar mata a asibitinmu duk sun iya aikinsu. Allura, ƙarin ruwa, wankin ciwo, babu wadda za a koya wa. Magana ce ta yi ƙaranci. Ƙaramar nas za ta ga maganin da aka rubuta ya wuce kima, amma nauyi ya hana ta buɗe baki, domin mun tashi da cewa yaro ba ya gyara wa babba. Wannan tarbiyya tana da kyau a gida, sai dai a bakin gadon mara lafiya tana iya jawo asarar rai.

Na fara da lokacin miƙa aiki. A da, mai aikin dare takan karanto rahoto a tsaye, jaka a kafaɗa, ido a ƙofa. Na ce mu riƙa bin gado-gado tare, kuma ƙaramar cikinmu ce za ta fara magana, don in babba ta riga, sauran sai "haka ne, Sista." Na daina tambayar ko akwai matsala, tunda amsar kullum "babu" ce. Sai in ce, "Ƙanwata, cikin matan nan wace ce ta fi tsaya miki a rai jiya da dare?" A nan ake jin cewa ta gado na shida fitsarinta ya ragu, ko ta kusa da taga ta ƙi cin abinci.

Ba mu muka fara lura da wannan ba. Takardar kiyaye lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi cewa kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya, ta biyun ba ta yi masa wuya. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ma, da ta yi bincike a asibitocin Amurka, ta ga ma'aikatan da suka fi jituwa su ne suka fi kai rahoton kuskure, saboda ba sa tsoron faɗa.

Gyara kuwa a keɓe nake yi, a ɗakin ajiyar magani, ba a gaban masu jinya ba. Nas ɗin da aka yi wa tsawa a gaban mutane, gobe ɓoyewa za ta yi. Yabo ne nake yi a fili, in kama suna, har da Baba mai shara, wanda sau da yawa shi ke fara ganin amai ko jini a ƙarƙashin gado.

Jadawalin aiki shi ne ya fi ba ni wahala, kuma har yau da sauran ƙorafi. Abin da ya rage shi, buɗe littafin da na yi kowa ta ga rabon kowa. Da azumi abokan aikinmu Kirista kan riƙe ɗakin lokacin buɗa-baki, mu kuma mu karɓi ranar Kirsimeti da safiyar Lahadi. Wadda aka yi wa rasuwa, kafin ta nemi izini mun raba kwanakinta a tsakaninmu, biyu daga cikinmu kuma su je ta'aziyya da ɗan abin da muka haɗa.