Takardun da mai sana'ar kansa yake buƙata a Garwa

Yawancin telolin da masu gyaran babur da nake hulɗa da su a Garwa, a ƙasar Kamaru, sun ɗauka cewa rajista ta manyan 'yan kasuwa ce kawai, alhali kuwa doka ta buɗe wa ƙaramin mai sana'a tasa ƙofar tun shekarar 2010. A wannan shekarar ce ƙungiyar OHADA, wadda ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashe 17 har da Kamaru da Chadi, ta ƙirƙiro matsayin da ake kira entreprenant, domin mutumin da yake aiki shi kaɗai ya bayyana sana'arsa a rajistar kasuwanci ta kotu, wato RCCM, ba tare da ya kafa kamfani ba.

Abu na farko da ake buƙata domin wannan rajistar shi ne katin ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Bayansa sai lambar haraji da ake kira NIU, wadda ake iya nema ta intanet. Ana kuma buƙatar zanen wurin da shagon yake, kuma a unguwannin da gidajensu ba su da lamba, mutum yakan zana hanyar da hannunsa, ya nuna masallaci ko famfon da ke kusa da ƙofarsa. Cibiyar CFCE, wato ofishin gwamnati na rajistar sababbin sana'o'i, ta tattara waɗannan hidimomi a wuri guda, da alƙawarin kammalawa cikin awa 72. Shawarata ita ce mutum ya je da ƙafarsa, ya karɓi rasit a kan duk abin da ya biya, maimakon ya miƙa takardunsa ga 'yan kamasho.

Abin da ya fi damuna shi ne batun tsufa. Tun 2014 hukumar CNPS, wadda take kula da fanshon ma'aikata a Kamaru, ta ba masu zaman kansu damar yin inshorar sa-kai, inda mutum zai riƙa biyan kashi 8.4 cikin ɗari na kuɗin shigar da ya bayyana, ya sami fansho idan ya kai shekara 60 kuma ya cika sharuɗɗan, ciki har da zubin wata 180. Telan da idonsa ya fara gaza ganin kafar allura ba shi da maigidan da zai sallame shi da wani abu, don haka nake roƙon matasanmu su buɗe wannan asusun a makon da suka karɓi takardar rajistarsu, ko da abin da za su fara bayyanawa kaɗan ne.