Dubu Ɗari Biyu a Takarda, Dubu 168 a Banki

A ƙarshen watan jiya ɗan yayata ya same ni a gida a Unguwar Rogo bayan sallar isha'i, cikin sanyin nan namu na Jos, ya miƙo mini wayarsa tun kafin mu gama gaisawa. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce albashinsa naira 200,000 a wata, amma saƙon banki ya nuna masa 168,510. Ya ce, "Kawu, wallahi an cuce ni." Na ce masa ya zauna ya ɗauko takardar albashinsa, domin na shafe shekaru ina lissafin albashin ma'aikata, kuma na san cewa mafi yawan wannan ƙorafi daga rashin karanta takardar yake tasowa.

Abin da ake rubutawa a takardar ɗaukar aiki jimillar albashi ce kafin a cire komai, kuma kasa ta ake yi kashi-kashi. A nasa, gundarin albashi 100,000 ne, alawus na gida 50,000, na sufuri 30,000, sai kuɗin abinci 20,000. Wannan rabo ba ado ba ne, saboda Dokar Fansho ta 2014 ta ce kada abin da ake ɗora lissafin a kai ya gaza jimillar ukun farko, wato gundarin albashi da gida da sufuri. Ma'aikaci yana bayar da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma, wato wanda ya ɗauke shi, ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Kashi 8 na 180,000 shi ne 14,400, wanda aka cire masa, kamfanin kuma ya ɗora 18,000, don haka naira 32,400 ce ya kamata ta riƙa shiga asusun ajiyarsa na fansho duk wata. Na sha ganin masu kamfanoni suna ƙanƙantar da waɗannan ukun, su kumbura wasu ƙananan alawus-alawus don su rage abin da za su zuba, kuma a ganina wannan wayo ne da ma'aikaci ke biyan kuɗinsa ranar da ƙarfinsa ya ƙare.

Haraji ne ya fi ɗaure masa kai, kuma ban ga laifinsa ba, tunda tsarin ya sauya daga 1 ga Janairun 2026 da sabuwar dokar haraji ta fara aiki. A shekara ake lissafawa, sannan a raba gida goma sha biyu. Albashinsa na shekara 2,400,000 ne; aka fitar da fanshonsa na shekara, 172,800; aka kuma fitar da rangwamen haya, wanda yake kashi 20 na kuɗin hayar da mutum ya biya, amma rangwamen ba ya wuce 500,000. Yana biyan 300,000 a ɗaki da falo, saboda haka ya samu rangwamen 60,000. Abin da ya rage 2,167,200 ne. Naira 800,000 ta farko ba ta da haraji ko kwabo, ragowar 1,367,200 kuwa ta faɗa matakin kashi 15, wanda ya ba da 205,080 a shekara, wato 17,090 a wata. Da muka tara wannan da kuɗin fanshon muka cire daga 200,000, sai ga 168,510 cif-cif. Ya yi shiru yana kallon kalkuleta, can ya ce, "To Kawu, ina kuɗin suke zuwa?"

Tambayar da ta fi muhimmanci ke nan. Harajin da aka cire masa na hukumar tattara haraji ta Jihar Filato ne, saboda a nan yake zaune, kuma ana son mai aiki ya kai shi kafin 10 ga wata mai bi. Kuɗin fansho kuwa doka ta ba da kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi a tura shi ga kamfanin da ke kula da asusun, ƙarƙashin sa idon PenCom, hukumar kula da harkokin fansho ta ƙasa. A wani wuri da na taɓa yin aiki an yi kusan shekara biyu ana zabtare mana kashi 8 ɗin nan, takardar albashi tana nunawa tsaf, amma da na nemi bayanin asusuna sai na tarar ko sisi bai shiga ba. Tun daga ranar na daina yarda da takardar albashi ita kaɗai.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ba ya ganinsu a takarda domin ba daga albashinsa ake cirewa ba. Mai aiki yana biyan kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansa ga NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, saboda diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, bisa dokar 2010, sannan wajibi ne ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Manyan kamfanoni suna biyan wani kashi 1 ga ITF, hukumar horar da ma'aikata da hedkwatarta take nan garinmu. Wanda ya bar aiki mai waɗannan ya koma inda za a ƙara masa dubu goma a hannu babu fansho babu inshora, sau da yawa baya ya ci.

Kafin ya tafi na sa ya sauke manhajar kamfanin fanshonsa a waya. Muka duba tare, watansa na farko bai shiga ba tukuna, amma kwanaki huɗu kacal aka yi da biyan albashi. Na ce masa ya sake dubawa ranar Litinin ta sama, idan bai ga 32,400 ba ya je wurin akanta da takardarsa a hannu, ya yi tambaya cikin ladabi.